"Wani jinkirin alheri ne": wa ya dace a faɗa wa, kuma yaushe?

'Yar Wusasa: Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa ta riƙe hannun yayata, wadda ta shekara 9 da aure ba ta samu haihuwa ba, ta ce mata wani jinkirin alheri ne. Yayata ta yi godiya, amma da muka isa gida sai ta fashe da kuka, ta ce masu faɗar wannan magana da goyo a bayansu suke faɗarta. Babanmu ya tsawata mata, ya ce ƙarancin bangaskiya ne. Ina roƙonku ku taya ni dubawa, domin na rasa wanda zan ba gaskiya.

Malami a Samaru: 'Yar'uwa, maganar tana da tushe. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi da alkawari, Ishaku kuwa bai zo ba sai da ya cika 100, kuma gaggawar da Saratu ta yi a tsakani, har ta ba shi Hajaratu, ita ce ta jawo rashin jituwa a gidan. A Yahaya sura 11 ma, Yesu ya ji Li'azaru ba shi da lafiya, ya ƙara kwana 2 a inda yake, bai iso Betanya ba sai da mamacin ya kwana 4 a kabari.

Dattijo daga Sabon Gari: Malam, ka tsallake wuri guda. Da Maryamu ta faɗi a ƙafafunsa tana kuka, bai kawo mata karin magana ba, hawaye ya zubar tare da ita. Ni da nake jiran kuɗin sallamata tun da na bar aiki, na sha jin wannan magana daga bakin 'yan siyasar da ba su taɓa yarda albashinsu ya yi jinkirin kwana ɗaya ba. Jinkirin da mutum ya ƙulla da hannunsa bai kamata a jingina shi ga Ubangiji ba.

Jikar Kaka: Baba, ka tuna mini da kakata. Ta shekara 14 a ɗakin miji ana kiranta juya, har dangin kakanmu suka matsa masa ya sake ta ko ya ƙaro wata, shi kuwa ya ƙi saboda alkawarin da ya ɗauka a majami'a. Daga baya ta haifi 'ya'ya uku, na farinsu namiji, matan zumunta kuma suka riƙa kafa misali da ita duk inda aka yi zancen haƙuri. Wannan ɗan da aka daɗe ana jira shi ne ya shiga soja da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. An gama yaƙi a watan Janairu na 1970, abokansa suka dawo, shi bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. Na tashi na tarar tana wanke kwanonsa tana kifewa a kan randa, idan ta ji kukan jirgin ƙasa kuma sai ta yi shiru har ya wuce. Haka ta yi har Ubangiji ya kira ta, ba ta fasa addu'ar asuba ba ko sau ɗaya. Wata rana na ji wata baƙuwa ta jefa mata wannan karin magana, sai ta ce: "'Yata, 'wani' aka ce, ba a ce 'kowane' ba. Na farkon na ga alherinsa da idona. Na biyun yana hannun Mai shi, idan na je zan tambaye shi."

Malami a Samaru: Kakarki ta faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Duk da haka ina ganin wani alherin sai jikoki ke ganinsa. Likita Miller, ɗan mishan da ya yi aikin fassara, ya shigo ƙasar Hausa a 1900, amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, kuma mu ne muke cin moriyarsa yau.

Jikar Kaka: Malam, to wane alheri mu jikokinta muka gani a ɓatan kawunmu? Ina tambaya ne da zuciya ɗaya.

Dattijo daga Sabon Gari: 'Yata ta Wusasa, an kuma ce tashi in taimake ka. Sun je asibiti, ita da maigidan duka biyu?

'Yar Wusasa: Sun je, Baba, har sau uku, kuma an ce ba a ga wata matsala ba, abin da ya sa jiran ya fi yi mata ciwo ke nan. Na karanta mata labarin Kaka jiya da dare. Ba ta ce komai ba, sai dai ta tambaye ni ko an san inda kwanon yake yanzu.