Neman shawara: da me ake auna bayanin kayan aikin ejan na AI?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa kawuna, dilan hatsi, ejan na AI, wato manhajar AI mai aiwatar da aiki da kanta, da zai riƙa amsa kwastomomi a WhatsApp. Na ba shi kayan aiki 6, wato ƙananan ayyukan kod da zai iya kira, ta MCP (ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki), irin su duba_kaya, duba_farashi, yi_oda da soke_oda. Kod ɗin lafiya lau, na gwada da hannu. To jiya wata mata ta nemi gero tiya 5, ejan ya shigar da 5, alhali rumbun bayanaina na kwamfuta da buhu yake ƙirga. Allah ya sa kawu ya kira ta kafin a yi lodi. Kuma in aka tambayi farashi, wani sa'in sai ya nufi duba_kaya. Bayanin da na rubuta wa ejan kan yi_oda layi ɗaya ne: "Yana shigar da oda." Ni in na karanta, daidai nake gani. Ta yaya zan gane bayani mai kyau da marar kyau?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Dole ka ga daidai, tunda kai ka rubuta kod ɗin, sauran bayanin yana cikin kanka. Shi ejan ba ya ganin kod. Abu uku ne ke isa gare shi: suna, bayani, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace abin da kowane gurbi yake karɓa. Haka yake tun da OpenAI ta fito da kiran kayan aiki a Yunin 2023, kuma MCP da Anthropic ta saki a Nuwamban 2024 bai sauya wannan ba.

Ina kyautata zaton gurbin naka "adadi" ka sa masa. Adadin me? Maida shi adadin_buhu, ko ka ƙara gurbin ma'auni da ba ya karɓar komai sai buhu, tiya ko mudu. Sannan ka buga bayanan shidan a takarda, ka miƙa wa yaron da bai taɓa zaman shagon ba, ka karanta masa saƙon matar nan. Duk inda ya ɗago kai ya ce "Yaya, wannan fa?", nan ramin yake. Bambancin kawai, yaro zai tambaya, ejan kuwa sau da yawa cikewa yake da zato.

Injiniya daga Zariya:
Gwajin yaron shago mafari ne, Malam, amma ba awo ba ne. Ka tsinto saƙonni 40 na gaske daga wayar kawu, ka goge sunaye da lambobin mutane. Kar ka gyara rubutun, bar su da "nawane" da "a sako min biyu". Gaban kowanne rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da za a cike. Saka wasu da bai kamata a kira komai ba, kamar gaisuwa, ko "jiya nawa kuka sayar?" Gudanar da kowanne aƙalla sau uku, don amsarsa ba ta zama ɗaya kullum. Ƙirga abu biyu daban: zaɓen kayan aiki, da cike gurabe. Sai ka canza bayani guda ɗaya tak, ka maimaita. In ka canza uku lokaci ɗaya ba za ka san wanne ya yi magani ba. Ware 10 a gefe da ba za ka leƙa ba sai ƙarshe.

Wani ɗalibi:
Ni dai cika bayani nake yi, shafi guda ma. Ai yawa ba ya ɓata.

Injiniya daga Zariya:
Yana ɓatawa, ɗan uwa. Duk saƙon da ejan zai amsa sai an tura masa bayanan gaba ɗaya, tokin ne (guntayen rubutun da ake ƙirgawa a caje ka), kuɗi ne, kuma muhimmin layi yakan nutse a tsakiya. Jimla uku zuwa biyar sun isa yawanci: me yake yi, yaushe ake kiransa, yaushe ba a kiransa, me yake dawowa da shi.

Hajiya mai manhajar biyan kuɗi:
Ɗana, duba kuɗi ma. Hanyoyin biya na intanet da yawa da kobo suke lissafi, naira 500 sai a rubuta 50000. Faɗa wa ejan ƙarara a cikin bayanin. Kwanan wata ma ba shi misali, 2025-03-04, in ba haka ba 4 ga Maris za ta koma 3 ga Afrilu. Kuma soke_oda, rubuta cewa ba a kiransa sai kwastoma ya tabbatar, sannan ka toshe a kod ma. Ni ba na barin asara a hannun rubutu kaɗai. Duba_kaya da duba_farashi kuwa, me ya raba su? Haɗe su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na haɗe su, ruɗanin farashi ya tafi. Na samu saƙonni 32 zuwa yanzu. Wanda ya rage yana kayar da ejan shi ne "rabin buhu", don gurbin nawa cikakkiyar lamba kawai yake karɓa, sai ya mai da shi buhu ɗaya. In bar gurbin ya karɓi 0.5 ne, ko in ƙara "rabi" cikin ma'auni?