Taƙaitawa: yadda kofin Serie A, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Italiya, na 2009/10 ya suɓuce wa Roma

Ga abin da na tsinta a muhawarar da aka yi kan dalilin da ya sa Inter ta ɗauki kofin, ba Roma ba:

1. Baki ya zo ɗaya cewa cefanen 'yan wasa ne ya gina Inter ta koci Mourinho: Ibrahimović ya tafi, Eto'o, Milito, Motta da Sneijder suka zo. Ta gama da maki 82, Roma 80.

2. Mai neman inda Roma ta zame, ya kalli wasanta da Sampdoria na 25 ga Afrilu 2010. Totti ya fara ci wa Roma, Pazzini na Sampdoria ya zura biyu bayan hutu, a gidan Roma kuwa.

3. Nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ɗora wa Ranieri, kocin Roma, laifi, wasu suka ce Lazio, abokiyar hamayyar Roma a birni ɗaya, ce ta kwanta wa Inter 2-0, magoya bayanta har murna suke.