Muhawara: Shin Barbican da Moussy giya ce da aka wanke, Maltina kuwa abinci?

Baban Hafsa (Jidda): Assalamu alaikum. Walimar auren 'yata ta gabato, masu shirya abinci sun sa katan-katan na Barbican da Moussy da Holsten, abin shan sha'ir da ake sayarwa a Saudiyya a matsayin marar barasa, a lissafi, ni kuwa na soke su duka. Ra'ayina shi ne waɗannan giya ce da aka wanke aka sake mata suna, domin kwalbar ta giya ce, kumfar ta giya ce, shi kuma Holsten kamfanin giya ne a birnin Hamburg na Jamus tun 1879. Maltina da Malta Guinness da muka saba da su a gida daban suke, abinci ne da ake kai wa mai jego da marar lafiya. Su na fi so a nemo, ko da za su fi tsada.

Injiniya (Dammam): Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya alheri. Idan kamfani ne hujja, to Maltina ma ba ta tsira ba, domin Nigerian Breweries mai yin giyar Star shi ya fito da ita a 1976, Malta Guinness kuwa sunanta ya isa shaida. Dukansu mafarinsu ɗaya. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi domin sitacinsa ya koma sukari, sannan a tace a tafasa ruwan da furen hof mai ɗaci. Har zuwa nan babu barasa ko ɗigo. Tana samuwa ne idan an zuba yis ya cinye sukarin. Irin su Maltina ba a kai su wannan mataki, sukari da launin ƙonannen sukari ake ƙara musu, shi ya sa suke da kauri da duhu. A cikin masu haske akwai waɗanda ba a barin yis ya yi aiki a kansu, akwai kuma waɗanda ake gama su a matsayin giya sosai sannan a cire barasar, ko ta ɗumamawa a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta matata mai tsananin laushi. Heineken 0.0 da ta fito a 2017 tana cikin kashi na biyu. Saboda haka maganar Alhaji ta dace da wasu, amma ba ta haɗa duka ba. Ƙari a kan haka, a ƙasashen Turai da yawa ana rubuta "babu barasa" a kan abin da ya kai kashi 0.5 cikin 100, don haka kwalbar da wani ya ɗauko daga can ba a auna ta da ta kantin unguwarmu.

Malam na Misfala (Makka): Allah ya saka wa Injiniya. Ma'aunin shari'a a nan shi ne maye, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malamai sun fahimci cewa idan mutum zai cika cikinsa da wani abin sha ba tare da hankalinsa ya gushe ba, hadisin bai hau kansa ba. A kan wannan ne Shaikh Ibn Usaimin, Allah ya jiƙansa, ya yi fatawa da halaccin giyar sha'ir marar barasa da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan, domin hukuma ta bincike ta. Kada mu manta an haramta barasa a Saudiyya da doka tun 1952, zamanin Sarki Abdul'aziz. Sai dai wadda aka fara yi a matsayin giya sannan aka cire mata barasa, akwai malaman da suka ƙi ta, musamman masu ganin najasar giya, kuma wanda ya bar ta don tsantseni ba a zarginsa. Abin da nake jan hankalin Alhaji a kai shi ne kada tsantseninsa ya zama hukuncin haramci a kan mutane.

Hajiya Mai Abinci (Shari' Mansur): Allah ya gafarta Malam, ni ta fuskar harshe da sana'a zan shigo. Na jera su a kan tebur ɗaya na ɗanɗana. Moussy marar haɗi tana da ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe da ƙamshin gasasshen hatsi, kuma yawancin matanmu suna kurɓa ɗaya su ajiye. Barbican mai rumman ko tuffa ko lemun tsami kusan lemon kwalba ce, ɗanɗanon sha'irin ya ɓuya a bayan sukari, shi ya sa yara ke rububinta. Maltina kuwa nauyi gare ta, wanda ya sha ta a kan kabsa, wato shinkafa da nama, mai maiƙo ba zai gama farantinsa ba, kuma wannan hasara ce ga mai walima. Amma abin da ya ba ni mamaki, Yaya, shi ne ka soke kwalba ka bar sobiya a lissafin. Sobiyar da muke layi a kanta kowane Ramadan, fara da ja da mai tsamiya, sha'ir ne ko busasshen burodi da ake jiƙawa da sukari da kirfa da hel a bar shi ya tsimu. Ledarta da aka manta a mota a zafin Makka kumbura take yi har ta ɗaure kamar ganga, idan an kwance ta yi tsit, warin ya bugi hanci. Ita ce ba a dafa ta bayan an ƙulla, don haka aikin yis bai tsaya a cikinta ba, alhali ta kwalba an kashe komai kafin a rufe.

Malam na Misfala (Makka): Hajiya ta taɓo asali. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya rage a shayar da shi ko a zubar. Wannan a tsimin gida ne, kuma zafin wuri yana iya gaggauta shi.

Ɗan Mai Wurno (Makka): Mu da muka tashi a Sudan mun san wannan iyaka da ido. Hilu-mur da ba a buɗa-baki sai da shi, da tsiron dawa ake yin sa, a bar ƙullin ya yi tsami, sannan a gasa shi falle-falle a kan tanda, kuma gashin ne ke tsayar da shi. Marisa, giyar gargajiyar Sudan, ita ma daga dawar take, bambancin shi ne ita ana barin ta ta kai. Haka kunun zaki da burkutu suke a wajenku. Kuma tun da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin can suka koma ga dawa, saboda haka dawar manoman arewa ta shiga kwalaben giya da na malta baki ɗaya, ba a kuwa ce dawa ta ƙazantu ba.

Baban Hafsa (Jidda): Na ji bayanin Malam a kan maye, kuma ban ce wa kowa ya aikata haram ba. Amma damuwata tana nan a kan samari. Na ga yaran unguwarmu a Karantina suna riƙe kwalbar ta wuya, suna karo da juna kafin su sha, irin yadda suke gani a waya. Yaron da harshensa ya saba da wannan ɗacin, ranar da ya je karatu Turai aka miƙa masa ta ainihi, babu baƙunta tsakaninsu. Maltina ba ta koya wa harshe wannan.

Injiniya (Dammam): Wannan hujja ce ta tarbiyya, Alhaji, kuma tana da nauyi, sai dai ta fi hawa kan Moussy da Holsten marasa haɗi. Barbican mai rumman ba ta kama da giya a baki, kuma kamfanin Aujan na nan gabashin Saudiyya, wanda ke yin lemon Rani, ne ke da ita tare da Coca-Cola.

Hajiya Mai Abinci (Shari' Mansur): To Yaya, a zuba Barbican a jug a kai wa mata, a bar Moussy tunda ranka bai kwanta da ita ba. Sobiya kuma a saye ta da safiyar walimar, ta wuce firji kai tsaye, kuma abin da ya kwana ba zan bari a fitar da shi ba.