“Shiru ma magana ce”: shin rashin abu shi ma abu ne?

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
Assalamu alaikum. Karin maganar da nake so mu duba ita ce “shiru ma magana ce”. Kowa ya san inda ake kawo ta: a tambayi mutum ya ƙi tankawa, sai na gefe ya ce ai ya riga ya ba da amsa. Tambayata ita ce, shin Bahaushe yana nufin rashin abu shi ma abu ne, ko kuwa adon harshe ne kawai? Ni a ganina da gaske yake, domin ga ’yar’uwarta “da babu gara ba daɗi”, kuma ba a cewa wannan ya fi wancan sai in dukansu biyu suna da matsayin da za a auna. Lissafi ma ya goyi bayansa. A shekarar 628 masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa’idojin tarawa da ɗebewa da sifili kamar kowace lamba, a ƙarni na 9 kuma masanin lissafi Alkhawarizmi ya bayyana wannan tsarin lambobi a Bagadaza, yau ga shi tsakanin 100 da 1,000 babu abin da ya raba su sai sifili guda.

Almajirin Zaure, Agege:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan gardama ta daɗe a wurin malaman tauhidi. Mu’utazilawa, mabiya wata mazhabar tauhidi, musamman na birnin Basra, sun ce abin da bai samu ba amma yana iya samuwa, shi ma abu ne, suka kafa hujja da aya ta 40 a Suratun Nahli, inda Allah Ya bayyana cewa idan Ya nufi wani abu sai Ya ce masa ya kasance, sai ya kasance. Suka ce ai an kira shi abu tun kafin samuwarsa. Ash’arawa, waɗanda tauhidinsu ne aka fi karantawa a zaurukanmu, suka ƙi, suka kawo aya ta 9 a Suratu Maryam, inda aka faɗa wa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cewa an halicce shi tun da farko alhali bai kasance komai ba. Abin da suka guda shi ne a wayi gari ana cewa akwai wasu abubuwa tabbatattu tun azal tare da Mahalicci. Game da sifili kuwa, alama ce da ake rubutawa don a nuna gurbin da ba a cika ba, kuma alamar rashi daban, rashin kansa daban. Haka shirun da ke cikin karin maganar: akwai mai tambaya, akwai wanda aka tambaya, akwai amsar da ake jira, kuma waɗannan ne suke ɗauke da ma’anar.

Hajiya, Obalende:
Allah Ya ƙara sani. Ni damuwata ba a kan ma’ana take ba, a kan yadda ake amfani da ita ne, domin babu inda ake yawan jawo wannan karin magana kamar wurin maganar aure. Hadisi ya inganta cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta, ita kuwa bazawara sai ta furta da bakinta. Ku lura da kyau: shiru iri ɗaya ne, amma hukunci biyu, wanda ya nuna cewa ba shirun ne ya yi magana ba, sanin da aka yi wa budurwa na kunya ne ya sa aka karɓe shi a matsayin yarda. To idan yarinya ta sunkuyar da kai saboda tsoron mahaifinta, ko saboda an tara mata iyaye da kawunnai a ɗaki guda, sai wani ya yi caraf ya ce shiru ma magana ce, an ɗora mata maganar da ba tata ba ke nan. Kuma ’yanmatan da suka tashi a nan Legas, waɗanda ke iya faɗin ra’ayinsu a makaranta da kasuwa, in suka yi shiru a kan miji ya kamata uwa ta ja su gefe ta sake tambaya.

Mai Tumatir, Mile 12:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ni ina bayan Malamin Lissafi. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun jama’a. Ga kaya an sauke daga Arewa, ga mai saye a tsaye, amma ciniki ya gagara, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Abin da ya iya ruɓar da kwando ya karya ɗan kasuwa, yaya za a ce ba komai ba ne?

Almajirin Zaure, Agege:
Alhaji, zafi da jinkiri ne suka ruɓar da kwandon, kuma kuɗin suna nan, ba su dai zo hannunka ba. Ka duba karin maganganunmu, za ka ga Bahaushe yakan ambaci abin da aka rasa: “rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki”, “rashin sani ya fi dare duhu”. Ko “da babu gara ba daɗi” ana faɗinta ne a kan abu sananne, abinci ko aiki ko sutura.

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
Wannan rarrabewar ta yi mini, amma ba ta kashe maganar ba. Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya ce wurin da babu komai ba zai yiwu ba, aka daɗe a kan haka, har zuwa 1643 da masanin kimiyya Toricelli ya cika bututun gilashi da zaiba a Italiya, ya kifa shi cikin kwano, zaibar ta sauko ta tsaya a kusan santimita 76, ta bar sarari a sama wanda iska ba ta shiga ba. Wannan sarari yana da tsawo da faɗi, haske yana ratsa shi, ana iya auna shi. Almajiri zai ce ai sarari ne, ba rashi tsantsa ba, kuma na yarda. Sai dai hakan na nufin duk wani “babu” da ɗan’adam ya taɓa nunawa da yatsa, da aka bincika sai aka tarar da wani abu a wurin. Rashi tsantsa kuwa, wanda ba wuri ba lokaci, Farmanidis na Girka ya ce tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa ba a iya tunaninsa balle a faɗe shi. Saboda haka a iyakar abin da hankali ke kaiwa, Bahaushe bai yi kuskure ba.

Mai Tumatir, Mile 12:
To Allah gafarta Malam, ga mas’ala. Idan na faɗa wa abokin ciniki farashi ta waya, ya yi shiru ya kashe, ni kuma na aika masa da kaya, ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba?

Almajirin Zaure, Agege:
Bai faɗa ba, Alhaji. Ana jingina wa Imamu Shafi’i ƙa’idar cewa ba a danganta magana ga wanda ya yi shiru, malamai kuma suka keɓance wuraren da ake bukatar bayani kuma alamu suka nuna yarda. Malikiyya sun halatta cinikin da ake yi ba tare da furuci ba, wannan ya miƙa kuɗi wancan ya miƙa kaya, amma a can akwai aikin da ya tsaya a madadin magana. A wayarka babu furuci, babu aiki, kuma mai yiwuwa ne layin ne ya yanke. Ka sake kiransa kafin ka ɗora kaya a mota. Idan kuma ka riga ka aika ya karɓa ya fara sayarwa bayan ya ji farashin, to karɓar tasa ce za a kama shi da ita.