Faladiyom a kan gawayi ya rage ƙarfi: ana iya farfaɗo da shi?

Ɗalibi daga Yalwa, Bauchi:
Assalamu alaikum. A binciken digirina na biyu ina amfani da ƙarfen faladiyom kashi 5 cikin 100 da aka ɗora a kan sarrafaffen gawayi, a matsayin katalis (abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai) wajen shigar da iskar haidirojin cikin wani sinadari. A karon farko aikin ya kammala cikin awa biyu, amma a karo na huɗu sai da ya kwana bai ƙare ba. Saboda tsadarsa, wani abokina ya ba ni shawarar in gasa shi a tanderu kamar yadda ake yi wa wanda aka ɗora a kan alumina, wato farin garin sinadarin alminiyom. Ina neman ra'ayin malamai kafin in taɓa shi.

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Wa alaikumus salam. Kada ka gasa shi. Alumina tana jure wuta, shi kuwa gawayi makamashi ne, kuma faladiyom ɗin kansa yana saurin kunna shi, don haka toka za ka kwasa. Ka fara gano abin da ya kashe shi. Giram ɗaya na irin wannan gawayi yakan kai faɗin murabba'in mita 1000 saboda ƙananan kafofinsa, kuma sau da yawa dauɗa mai danƙo ce take toshe kafofin har sinadarin ya kasa isa wurin ƙarfen. Idan haka ne, wanki da ruwan zafi da sinadarin da ke narkar da dauɗar, sannan a bi shi da haidirojin a matsakaicin zafi, yakan dawo da yawancin ƙarfinsa. Na ce matsakaici da gangan, domin idan zafi ya yi yawa ƙarfen yakan mayar da gawayin da ke ƙarƙashinsa iskar metan.

Injiniya, Bauchi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ba kowane lalacewa ne wanki yake gyarawa ba. Farar wuta, ko da ƙanƙanuwa ce a cikin kayan aikinka, tana manne wa faladiyom sosai. Haka kuma ƙwayoyin ƙarfen sukan dunƙule su zama manya, ko su zube cikin ruwan idan akwai asid. Ka auna ruwan da ka tace. In ka sami faladiyom a ciki, to zubewa yake yi. Wanda ya dunƙule kuwa, yawanci sai dai a ƙone gawayin a narkar da ƙarfen a sake ɗora shi a kan sabo.

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Ƙari a kan haka, ɗana, kada ka bar garin katalis ɗin ya bushe a kan takardar tacewa, balle yanzu da iskar hunturu ke busar da komai nan da nan. Na taɓa ganin gefen takarda ya yi ja kamar garwashi, metanol, wato ruwan sinadarin da aka narkar da kayan aikin a ciki, ya kama da wuta. Ka jiƙa shi da ruwa kafin ka ɗaga shi.

Ɗalibi daga Yalwa, Bauchi:
Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar sinadarin da nake amfani da shi, kuma akwai ɓurɓushin farar wuta a ciki. Zan tsarkake shi tukuna, sannan in gwada wankakken katalis ɗin da sabo gefe da gefe.