Neman shawara: tafiya Agadas daga Sakkwato a kan babur

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da niyyar ziyartar kawuna a Agadas a kan mashin ɗina ƙirar Bajaj Boxer, in bi ta Illela da Birnin Ƙonni da Tawa, sai dai na ji cewa akwai yankunan Nijar da aka haramta hawa babur. Don Allah waɗanda suka san hanyar su ba ni shawara kan takardu da wuraren da ya kamata in kauce musu.

Wani tsohon direban hanyar Ƙonni: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Takardu ba su ne babbar matsalarka ba, mashin ɗin kansa ne. Tunda 'yan bindiga suka mayar da babur abin kai hari, jami'an tsaro ba sa yi wa mai shi kallon matafiyi. An kafa dokar ta-ɓaci a Difa tun 2015, aka faɗaɗa ta zuwa wasu sassan Tilaberi da Tawa, irin su Tasara da Tiliya, a 2017, sannan a farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassan Tilaberi. Dokokin nan suna sauyawa, don haka kada ka dogara da labarin bara. Ka tambayi jandarma a Ƙonni, ka sake tambaya a Tawa. A kowane shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka kashe injin, ka cire hular kwano da rawani domin a ga fuskarka kafin a nema. Kada ka bar kwalta ka yanke ta daji, ko da mutumin gari ya ce ta fi kusa.

Wani ɗan kasuwar Illela: Malam, ka riƙe fasfo, da katin rigakafin cutar shawara, da inshora, da rasidin sayen mashin mai ɗauke da sunanka, kuma lambar injin ta dace da wadda ke rubuce, domin 'yan kwastan sukan sunkuya su goge ta da tsumma su karanta. An sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na 2024, amma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka tabbatar da takardun da ake karɓa yanzu kafin ka canji sefa.

Wata uwa a zauren: Ɗana, ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Tsakanin Tawa da Agadas kusan kilomita 400 ne, gari mai girma a tsakani shi ne Abalak, kuma jarkar man da za ka ɗaura don gudun tsayawa a hanya ita ce za ta jawo maka tuhuma a shinge. Ka ajiye mashin a Tawa wurin amintacce, ka shiga motar safa, kuma kada magariba ta same ka a hanya ko a ɓangarenmu na Gwadabawa da Illela.