Waɗanda suka riski diraf ɗin ranar Asabar, ku zo ku ba mu labari

Dattijon Buronks:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Janairu rediyon motata ba ta da wata magana sai diraf. In kunna da asuba, diraf. In dawo daga sallar isha'i, diraf. Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, diraf shi ne zaɓen da ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke yi kowace shekara a cikin 'yan wasan jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara ita ke fara ɗauka. Abu ne da nake so ƙwarai, amma wallahi yanzu kafin ranar ta zo na ƙoshi da shi har wuya.

Na fara zuwa da ƙafata a 1995, shekarar da aka mayar da shi zauren da ke cikin Madison Square Garden a Niyok, lokacin ranar Asabar ake farawa. Ba a sayar da tikiti, layi kawai za ka bi. Ni da wani ɗan zangonmu na Kumasi muka ajiye tasi, muka fita tun duhu da fulas ɗin shayi da burodi a leda. Da muka shiga, abin da ke ƙasa tebura ne jere, kowace ƙungiya da nata, a kai an ajiye tarho mai siffar hular kwanon 'yan wasa. Mutum biyu ko uku na zaune suna jiran kira daga hedkwatarsu. Tarho ya yi ƙara, a rubuta suna a ɗan kati, a miƙa, sai kwamishina Paul Tagliabue, shugaban NFL na lokacin, ya fito ya karanta kamar mai karanta sanarwar ofis. Shi ke nan. Ba mawaƙi, ba wasan wuta.

Jets, ƙungiyarmu ta Niyok, ne ke da lamba 9, wato su ne na tara a layin ɗauka. Duk benen da muke zaune ihun sunan Warren Sapp ake yi. Da aka karanta Kyle Brady, wani bature da ke kusa da ni ya dafe kai, ya zauna a ƙasa. Sapp ya tafi Tampa Bay a lamba 12, kuma kun san irin tauraron da ya zama. Abin da ban manta ba shi ne, a duk benen nan babu wanda ya san sunan kafin a faɗe shi. Mu duka muka ji shi a daƙiƙa ɗaya. Yau wayata ce ke gaya mini wanda aka ɗauka tun kwamishina bai taso daga kujera ba.

Ina so in ji daga bakin waɗanda suka ga wancan zamani, da waɗanda ba su gani ba.

Malamin Lissafi, Kansas:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni na riga ka kaɗan. Karatu ya kawo ni a tsakiyar shekarun 1980, kuma a lokacin ma ba a kai ga ranar Asabar ba. A 1987 ranar Talata aka fara, mutane na wurin aiki. Ban san an yi ba sai washegari da wani ɗan ajinmu ya miƙo mini shafin wasanni, ya ce ga ɗan ƙasarku Chiefs, ƙungiyar Kansas City, sun ɗauka. Christian Okoye ne, haifaffen Inugu, a zagaye na biyu, daga wata ƙaramar jami'a mai suna Azusa Pacific. Layi biyu kawai jaridar ta ba shi. Ba wanda ya san shi a unguwarmu. Bayan shekara biyu, a 1989, shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a duk NFL, yadi 1,480.

Na yanke wannan ɗan rubutu na liƙa a bangon ɗakina, ya yi shekara uku har takardar ta yi ja. Zagaye goma sha biyu ake yi a wancan lokaci, kuma jerin sunayen na ƙarshe-ƙarshe da ƙananan baƙaƙe ake buga shi, sai ka matso da jarida kusa da ido. Daɗinsa shi ne a fili za ka san yaro, da wasansa, ba da surutun da aka yi a kansa ba.

Ɗan Damagaram a Girinsboro:

Kawu, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mu a nan Asabar ɗin diraf ranar gida ce. Mu shida ne muke haya ɗaya, duk aikin dare muke yi a masana'anta, kuma Asabar ce kaɗai muke haɗuwa ido biyu. Ƙarfe goma sha biyu na rana ake farawa. Kowace ƙungiya a zagayen farko minti goma sha biyar take da shi, to tsakanin suna da suna za ka iya ɗora shinkafa, ka yi alwala, ka yi azahar, ka dawo ba a wuce ka da nisa ba. Gawayi na ci a baranda, ana zagaye na shayi, na ɗaya mai ɗaci har zuwa na uku. Muna da mujalla guda ɗaya tak ta bayanin 'yan wasa da muke saya a watan Maris, tana yawo hannu zuwa hannu har bangonta ya cire. Wanda ke riƙe da biro shi ke soke sunan duk wanda aka ɗauka.

A 2003 muna zaune, Vikings na lamba 7, Jaguars na 8, mu Panthers na 9. Agogo na tafiya, Vikings na can suna cinikin musayar gurbi, har lokacinsu ya ƙare ba su miƙa kati ba. Nan take Jaguars suka ruga suka ɗauki Byron Leftwich. Kafin mu gane abin da ke faruwa, namu ma sun miƙa sunan Jordan Gross. Sai a lamba 9 Vikings suka samu suka ɗauki Kevin Williams. Babban yayanmu a gidan ya miƙe da butar shayi a hannu yana tambaya, ya halatta kuwa? Masu sharhin ma sun rikice. A wannan shekarar Gross ya buga mana har wasan ƙarshe na Super Bowl.

Daga 2010 da aka mayar da zagayen farko daren Alhamis, aka raba abin kwana uku, zaman nan namu ya watse. Daren Alhamis muna bakin inji. Ranar Juma'a ma haka. Abin da ya rage mana shi ne leƙa waya a lokacin hutun minti goma sha biyar, kowa shi kaɗai.

Maman Khalifa, Ditiroyit:

Baba, ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa muku. Zauren da kuke kewa mutum dubu nawa yake ɗauka? Shekara hamsin, daga 1965 zuwa 2014, a Niyok kaɗai ake yi. Mu da ke nan ko a mafarki ba mu sa ran gani ba. Da aka kawo shi garinmu a 2024 na nemi hutu daga asibiti, na ɗauki yarana uku muka shiga gari. Mutum dubu 775 aka ƙirga a kwana uku. Na yi shekaru ina jin ana kiran garin nan kango, sai ga shi ranar ba masaka tsinke, shuɗin riga ko'ina. Autana a wuyan yayansa ya kalli komai. Da aka kira Terrion Arnold, wanda Lions ɗin garinmu suka ɗauka, ƙarar da aka yi na ji ta a ƙirjina. Ba zan ce wannan ba alheri ba ne.

Inda na yarda da ku shi ne abin da ke zuwa kafin ranar. Khalifa shekararsa goma sha huɗu. Tun daga gwajin da ake yi wa 'yan wasa a Indiyanapolis a ƙarshen hunturu, bakinsa ba ya rabuwa da tsawon hannun wane, faɗin tafin wane, daƙiƙa nawa wane ya yi a gudun yadi arba'in. Na tambaye shi ko ya taɓa kallon wasan yaron daga farko har ƙarshe, ya ce a'a, guntayen bidiyo ya gani. Ga tallan caca da ke biyo kowane guntu. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, har a kan wa za a ɗauka a lamba ta nawa ake zuba kuɗi. Wannan ne ke hana ni barci, ba taron ba.

Dattijon Buronks:

Hajiya, gaskiyarki, ban musa ba. Ni kaina na yi murna da aka kai shi Shikago a 2015, don na san akwai masu so da ba za su taɓa iya zuwa Niyok ba. Allah ya raya mana su Khalifa, ya tsare su daga cacar nan.

Injiniya, Kolombos:

Ni ƙaraminku ne, 2005 ce ta farko da na kalla, ina sabon zuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Aaron Rodgers a ɗakin jira. An ce shi ko Alex Smith ne za a fara ɗauka. 49ers suka ɗauki Smith, shi kuwa ya zauna sama da awa huɗu, tebura na ta watsewa a gefensa, kyamara na kan fuskarsa, har Packers suka ɗauke shi a lamba 24. Na ji tausayinsa sosai. Amma da rana ta faɗi maganar ta mutu, aka bar shi ya je ya zauna shekara uku a bayan Brett Favre, babban mai jefa ƙwallon Packers na lokacin, yana koyo.

Ku kwatanta da abin da ya faru da Shedeur Sanders a 2025. Wata da watanni masu hasashe suna sa shi a sahun farko, aka yi Alhamis ba shi, aka yi Juma'a ba shi, sai ranar Asabar a zagaye na biyar Browns suka ɗauke shi a lamba 144. A kwana ukun nan sama da yara ɗari aka kira sunayensu, iyayensu mata na kuka a falo, amma maganar mutum ɗaya ake yi. Har wani ya samu lambarsa ya kira shi da ƙarya cewa an ɗauke shi, bidiyon ya zaga duniya. Ko kana son yaron ko ba ka sonsa, wannan ba mutunci ba ne. A wurin aikinmu mutum biyu sun daina gaisawa na mako guda a kansa, kuma a lokacin bai jefa ƙwallo ko ɗaya a NFL ba.

Su masu hasashen kuma ba wanda ke bin su bashi. Mutum zai fitar da jeri na farko, na biyu, har na biyar, ya kuskure kusan duka, washegarin diraf ya fito yana ba ƙungiyoyi maki kamar malamin makaranta, a ranar kuma ya fitar da jerin baɗi. Tom Brady a lamba 199 aka ɗauke shi a 2000. Brock Purdy shi ne na ƙarshe ƙurmus a 2022, lamba 262. Dukansu sun zo sun yi fice, wa ya hango su?

Malamin Lissafi, Kansas:

Ɗana, a nan zan ɗan kare na da. Mel Kiper tun 1984 yake wannan aiki a talabijin, kuma lokacin shi kaɗai ne kusan. Kana iya jin haushinsa, amma ka san ya zauna ya kalli kaset. Na kalli ranar 1994 da ya soki Colts don sun bar Trent Dilfer sun ɗauki Trev Alberts, shi kuma Bill Tobin na Colts ya fito a fusace yana tambayar wane ne ma Kiper ɗin. Mun yi shekara muna tuna wannan, saboda sau ɗaya ya faru. Yanzu irin wannan faɗan ake shiryawa kullum da safe, da gangan, don a samu abin yankawa a watsa. Akwai kuma marigayi Joel Buchsbaum, wanda daga ɗakinsa a Buruklin yake rubuta littafin bayanin 'yan wasa, ba ya son fitowa a talabijin, amma manyan masu horarwa na girmama shi. Littafinsa nake saya har ya rasu a 2002.

Ɗan Damagaram a Girinsboro:

Wani abu da na manta. A 2022 diraf ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Na kashe sanarwar waya, na yi niyyar in kalli maimaici bayan asham. Ina fitowa daga masallaci, ban ko sa takalmi ba, wani yaro ya tare ni da murna yana gaya mini Panthers sun ɗauki Ikem Ekwonu a lamba 6. Na yi masa godiya, don da zuciya ɗaya ya faɗa. Da na isa gida ban kunna talabijin ɗin ba.

Dattijon Buronks:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni dai abin da na koma yi shekara uku ke nan, Alhamis da Juma'a ina aiki, rediyo a kashe. Ranar Asabar kuwa har yanzu da tsakar rana ake farawa, zagaye na huɗu zuwa na bakwai, kuma yawancin yaran ba wanda ya ɓata su da surutu. Nakan rage muryar talabijin, in sa waya a aljihun rigar da ke rataye a bayan ƙofa, in ɗauko littafina da biro. Duk wanda Jets suka ɗauka in rubuta sunansa da makarantarsa, in bar fili a gaba, sai Disamba in cike abin da na gani da idona.

Duk wanda ke kusa da Buronks, ƙofata a buɗe take ranar. Hajiyata za ta yi waakye, shinkafa da wake irin na Gana. Injiniya, in hanya ta kawo ka, ka taho da kujera mai naɗewa, namu huɗu ne kawai.